Agogo biyu a aljihu, daga Funtuwa zuwa Kaduna

Da sanyin safiyar wata Laraba, hunturu ya kankama, na shiga mota a tashar Funtuwa da agogo biyu a aljihun gaban rigata, kowanne naɗe a hankici. Ɗaya na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa: Seiko 5 da ya sayo a Makka a Hajjin 1981. Tun bayan rasuwarsa, in ka girgiza shi sai ya taɓa tafiya ta minti biyu ya sake tsayawa. Ɗayan kuwa nawa ne. Shekara biyu da suka wuce na zuba masa kuɗin da suka haura albashina na wata biyu, saboda a ƙasan fuskarsa, gefe da gefen lamba shida, an rubuta Swiss Made, wato ƙirar ƙasar Suwizalan, da ƙananan baƙaƙe. Damina biyu kacal ya gani, sai ga tsatsa tana tsattsafowa daga gaɓoɓin sarƙarsa, wuyan hannuna kuma ya feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi daidai inda maƙullin ke kwanciya.

Akwai masu gyaran agogo a Funtuwa, akwai su a Zariya. Abin da ya kai ni har Kaduna shi ne, mahaifina ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kuma a duk tsawon zamansa mutum ɗaya tak ya yarda ya buɗe masa agogo. Gwaggona da ke Tudun Wada ta aiko mini cewa tsohon yana nan da ransa, yana kuma kan teburinsa.

Hanya ba ta ba mu wahala ba. Muka wuce Giwa da Shika, muka ratsa Samaru ta gaban jami'a, muka sauke mutum biyu a Kwangila, daga nan sai Jaji da Mararrabar Jos cikin hazo, rana kamar faifan tagulla. Kafin sha ɗaya mun sauka a Kawo. Na hau ƙaramar bas ta bi titin Ali Akilu ta faɗa Ahmadu Bello Way, na sauka kusa da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, na shiga tambaya.

A wata baranda na same shi, bayan wani ɗan akwatin gilashi, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Gefensa gwangwanayen madara ne guda huɗu cike da matattun agogo, ga hantsaki, ga sukundirebobi sirara kamar tsinken sakace, ga kofin shayi na gilashi a kife. Da wannan kofin yake rufe injin da ya buɗe, don ƙurar hunturu ba ta neman izini. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifina. Ya yi shiru, ya cire madubin da ke maƙale a idonsa.

"Allah sarki. Kai ne ɗan marigayi? Allah ya kai haske kabarinsa. Zauna, ɗana. Ina Seikon?"

Ban ma ce na zo da shi ba. Na warware hankicin na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya shi, ya shafa bayansa da babban yatsa, ya kafa wani ƙarfe mai haƙora biyu ya murɗe marfin. A cikin marfin akwai wasu 'yan rubuce-rubuce da aka karta da bakin allura, lambobin shekaru ne, na ƙarshe 2004. Ya ce rubutunsa ne, duk lokacin da ya wanke injin sai ya sa shekara. Na daɗe ina kallon waɗannan lambobi.

Ya ce babu abin da ya mutu a ciki, mai ne ya bushe ya zama kamar ƙaro. Ya miƙo mini madubin ya ce in duba. Na ga wata 'yar ƙafa mai zagaye da sifirin ɗinta, siriri fiye da silin gashi, na kuma ga wasu jajayen ɗigo a nitse cikin ƙarfe. Waɗannan su ne duwatsu 17 da aka rubuta a fuskar agogon, yaƙutu ne na haɗi, a kansu ƙusoshin ƙafafun ke juyawa don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. 'Yar ƙafar nan, in tana da lafiya, sau 21,600 take bugawa a awa guda, dare da rana. Jikin agogon duk ƙarce ne, gilashin ya dushe, amma tsatsa ko ɗigo babu, bayan shekara arba'in da 'yan kai, rabinsu a cikin zufar ɗakin saƙa.

Sannan na fito da nawa.

Gaskiya na zo da shirin jin cewa an sayar mini da jabu. Baba ya buɗe, ya duba, ya kara a kunne, ya girgiza kai.

"Wannan ba jabu ba ne. Injin nan na Suwizalan ne, mai kyau kuwa. Bugunsa ma ya fi na mahaifinka sauri, 28,800 yake yi."

Ya tsoma tsinke a ruwa ya ɗiga a kan gilashin. Ɗigon ya tsaya cur kamar ƙwayar tsakiya, bai baje ba. Ya ce alama ce ta gilashin yaƙutu, irin wanda makulli ko bakin ƙofa ba sa ƙarce shi. Nan na ɗan sa baki, da yake kimiyyar sinadarai nake koyarwa a sakandare. Na ce masa wannan gilashi da jajayen duwatsun cikin Seiko abu guda ne, alminiyam ne da iskar oksijin, ana narka garinsu a harshen wuta ya daskare ya zama dutse, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Auguste Verneuil ya bayyana a 1902. A ma'aunin taurin duwatsu yana kan 9, daimon yana kan 10. Baba ya yi murmushi ya ce shi dai ya san in ya faɗi a kan siminti tarwatsewa yake yi, na roba kuwa sai dai ya ƙarce.

Sai ya zare sarƙar daga jikin agogon ya ɗora mini a tafin hannu, ya ɗauko wata tsohuwa daga gwangwani ya ɗora a ɗaya hannun. Tawa ba ta kai rabin nauyin waccan ba. Ya juya ta ta gefe ya nuna mini da hantsaki: kowace gaɓa falle ne na ƙarfe aka naɗe kamar tabarma, da rami a tsakiya. A cikin ramin zufa ke kwana. Ya tura ƙusa ɗaya ta fito, ja wur da tsatsa.

"Kai da sarƙar nan ba gari ɗaya aka haife su ba," in ji shi. "Injin daga wani wuri, gidan agogon daga wani wuri, sarƙa daga wani wuri. Sunan ne kawai guda."

Abin ya tsaya mini a rai, don na san sarai abin da ya faru da ƙarfen, a allo nake rubuta shi kowace shekara. Ƙarfen da ba ya tsatsa, sinadarin kiromiyam da ke cikinsa ne ke yi masa wata 'yar riga da ido ba ya gani. Gishirin da ke cikin zufa yana huda rigar nan. Maganinsa shi ne a zuba wani sinadari, molibdinam. Ƙarfen da masu agogon kirki ke amfani da shi, mai lamba 316L, yana da kiromiyam kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, da nikel 10 zuwa 14, da molibdinam 2 zuwa 3. Masu araha, irin 304 da 201, babu molibdinam a cikinsu. A kanti, ƙarƙashin fitila, duk ƙyalli ɗaya suke yi. Sai an kai su hannun mutumin da ke tafiya a ranar Afrilu, yana alwala sau biyar, sannan kowanne ke faɗin sunansa. Kuma da zarar ƙarfe ya fara ciwuwa, nikel ɗin cikinsa yana fitowa ya taɓa fata. Ƙurajena ke nan.

Wannan magana ta fi shafar mu fiye da yadda muke zato. Bature mai kuɗi yana iya tsallake ƙarfe ya sayi na zinariya, mai lamba 750, wato kashi uku cikin huɗu gwal ne tsantsa. Mu kuwa maza addini ya hana mu sa zinariya, don haka duk tsadar agogon Alhaji, a kan farin ƙarfe zai ƙare. Shi ya sa iyayenmu suka riƙe Rado, wanda tun 1962 ya fito da gidan agogo mai taurin da ba ya ƙarcewa. Rolex kuma tun 1985 ya fara aiki da ƙarfe mai lamba 904L, wanda nikel da molibdinam ɗinsa suka kusa ninka na 316L, har da ɗan jan ƙarfe a ciki, kuma gwal ɗinsa ma a masana'antarsa da ke gefen birnin Janeba na Suwizalan yake narkawa da kansa. Irin waɗannan su ne 'yan tsirarun da ke yin kusan komai a gida. Ni dai ba ajinsu na saya ba, amma rubutun da ke ƙasan fuskar nawa da nasu iri ɗaya ne, harafi da harafi.

Aka kira azahar. Baba ya kife kofi a kan injinan biyu, muka je muka yi salla. Da muka dawo ya ce in bi shi, akwai wanda ya kamata in ji ta bakinsa. Muka kutsa cikin kasuwa, ta layin masu atamfa da masu turare, har wani shago mai fitilu inda agogo ke jere ɗaruruwa. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, ya yi shekaru yana zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin saro kaya. Ya sa aka kawo mana fura, ya karɓi sarƙata ya jinjina ta sau ɗaya.

"Malam, ai ba su yi maka ƙarya ba, ba su dai faɗa maka duka ba ne."

Shi ya warware mini dokar. Tun 1 ga Janairun 2017, kafin a rubuta Swiss Made a kan agogo, dole injin ya zama na Suwizalan, a can aka tsara agogon (wannan sharaɗin daga 2019 ya fara aiki), a can aka sa injin cikin gidansa, a can aka yi masa dubawar ƙarshe, kuma aƙalla kashi 60 cikin ɗari na kuɗin ƙera shi a can aka kashe. Kuɗi fa ake lissafawa, ba yawan kaya ba. Ladan ma'aikaci a Suwizalan yana da tsada ƙwarai, har kuɗin bincike da zane ana sa su a lissafi, saboda haka injin da haɗawa kaɗai suna iya cinye kashi 60 ɗin. Sauran 40 kuwa, a farashin ƙasar Sin, suna iya sayen gidan agogo da fuska da hannaye da gilashi. Sarƙa ma ba ta shiga lissafin ko kaɗan.

Daga baya na gano har a can ƙasar akwai waɗanda abin ke damu. Wani kamfani mai suna H. Moser ya cire rubutun daga agogunansa a 2017, yana cewa dokar ta yi sako-sako, har ya ƙera agogo guda da gidansa na cukwin shanun ƙasar, don ya nuna abin da shi yake kira ɗan gida na gaskiya.

Na ce, "To Alhaji, ashe dai kayan Chaina ne suka cuce ni."

Ya aje ludayinsa. Ya buɗe wata durowa ya fito da sarƙa biyu, ya ce in rufe ido in riƙe. Ɗaya sakayau, tana ƙara kamar gwangwani. Ɗaya kuwa nauyi gare ta, santsi, gaɓoɓinta na motsi shiru, kowace gaɓa curin ƙarfe ce aka yanka, ƙusoshinta masu murɗi.

"Duk biyun daga lardi ɗaya na saro su, tsakanin Shenzen da Donguwan. Wallahi akwai masana'antar da in ka shiga sai ka sa riga da hula kamar ɗakin tiyata, kuma manyan sunayen Turai take yi wa aiki. Akwai kuma wadda ke bayan layi. In ka je, tambaya ɗaya za su yi maka: nawa za ka biya? Iya kuɗinka, iya shagalinka. Mu 'yan kasuwa mu ke cewa a rage, don in na kawo mai kyau, mutum zai taya rabin kuɗi ya ce ai ɗan Chaina ne. Baturen ma da ya yi odar taka sarƙar, shi ya zaɓi wadda za a yi masa."

Ya ƙara da cewa mutanen Sin ba yau suka fara ba, masana'antar agogo ta Tiyanjin, mai tambarin Seagull, tun 1955 take, kuma injinan agogo marasa batir take ƙerawa har gobe. Baba ya ce ai Seiko ma da ake yabo, na baya-bayan nan da yawa in ya buɗe sai ya ga an buga Maleshiya ko Singafo a jikin injin, kuma aiki suke yi lafiya lau, don mai sunan yana tsaye a kan aikinsa.

Na fito daga shagon nan da wani tunani dabam da wanda na shiga da shi. Ni ba na jin haushin a ƙera sarƙata a Donguwan. Abin da ke ci mini rai shi ne shirun. Mutum ya tara kuɗinsa da guminsa, a nuna masa kalma biyu a ƙasan fuska, a bar shi ya ɗauka cewa daga gilashi har maƙulli duk hannu ɗaya ne ya yi su. Cinikin biri a sama ke nan, ko da doka ta halatta. Me zai hana a buga lambar ƙarfen da sunan ƙasar a cikin maƙulli, yadda ake buga sunan masaƙa a bakin atamfa? Wanda ya ga dama ya saya da saninsa.

Na kwana a Tudun Wada. Gwaggo ta yi mini tuwon masara da miyar kuka, muka raba dare tana ba ni labarin zamansu a Kakuri, lokacin da jiniyar masaƙa ke tashin unguwa, ma'aikata su cika titi a kan kekuna kamar fari. Ta ce mahaifina ba ya fita sai ya daidaita Seikon nan da labarun rediyo.

Da safe, kafin in koma wurin Baba, na ce sai na ga wurin da idona. Na bi ta Tsohuwar Panteka, inda tun da hantsi ƙarar guduma ta cika kunne, ana narka alminiyam ana zuba tukwane, ana lanƙwasa ƙarfe ana fitar da murhu da akwati da injin niƙa. Na tsaya wurin wani yaro da ke goge bakin tukunya, hannunsa bai kauce ko sau ɗaya ba. Daga nan na haye kogi na nufi kudu.

Kakuri ta yi tsit. Dogayen katangu, manyan ƙofofi a rufe, ciyawa ta bushe a bakinsu. Masaƙar farko, Kaduna Textiles, a 1957 ta fara aiki, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. A 1964 aka kafa masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL), kuma wanda ya kafa ta ɗan kasuwa ne daga Hong Kong, Cha Chi Ming. Wato akwai lokacin da mutanen Sin ke tsallako teku su zo nan a saƙa musu. Ba nisa kuma ga kamfanin Fijo, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975. Na tsaya a gefen titi ina tuna 504. Sunan na Faransa ne, zakin da ke gabanta na Faransa ne, amma hannuwan da suka ɗaure ta na mutanen Kakuri da Makera da Nasarawa ne. Ba wanda ya taɓa kiran ta jabu. Direbobi ma alfahari suke yi da ita, su ce harhaɗar Kaduna ce, ta san hanyarmu. Ashe mu ma mun taɓa zama ƙasar wajen da ake kai wa aiki, kuma ba a ɓoye sunanmu ba. Hawaye suka zo mini a wurin, ban yi ƙoƙarin hana su ba, don ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan mahaifina ya yi ta shiga da agogon nan a hannu.

Wajen sha biyu na iso wurin Baba. Ya riga ya wanke injin Seikon, ya ɗiga masa mai da bakin allura, ya sauya robar marfin da wata da ya ciro daga cikin gwangwani. Na tambaye shi ko za a canja gilashin, tunda ya dushe.

"In ka ce a canja, sai a canja. Amma wannan ƙarcen na gefen lamba tara, a gabana ya same shi, ranar da ya faɗi da keke a kan gada."

Na ce a bar shi.

Nawa kuma aka ɗaura masa sarƙar nan mai nauyi ta shagon Alhaji. A cikin maƙullinta an buga 316L, kuma Alhaji ya faɗa mini garin da aka yi ta tun kafin in tambaya. Na biya ba tare da na taya ba. Da na zo biyan Baba, ya karɓi na aikin agogona, ya tura mini sauran.

"Na marigayi ba a biya. Sai dai in ka shekara huɗu ka dawo da shi, in ina nan. In ba na nan, ka nemi wanda zai kife masa kofi."

Kafin ya rufe marfin ya ɗauki allura ya karta shekarar bana a ƙarƙashin 2004. Ya murɗe, ya girgiza agogon a tafin hannunsa sau biyar ko shida, don irin wannan ba a yi masa wani, motsin hannu ne abincinsa. Ya ja ɗan kan da ke gefen lamba huɗu ya juya ranar, ta wuce ta Turanci ta tsaya a kan ta Larabci, yadda mahaifina ke barin ta. Alhamis.

Na sa nawa a aljihu, na ɗaura Seikon. Ya yi mini ɗan yawa a hannu. A Kawo na samu mota saura mutum ɗaya, muka tashi. Mun wuce Jaji ke nan wani dattijo da ke kusa da ni ya leƙo hannuna ya ce, "Malam, ƙarfe nawa?"

Na ce, "Huɗu saura kwata, Baba."

Ya ɗaga murya ya ce wa direba ya samu wuri ya tsaya mu yi la'asar.